Kwat daga kafaɗa take farawa: jagorar zaɓen shat, bileza da sut ga mutumin Katsina

Ranar da ƙanina ya samu gurbi a Makarantar Horar da Lauyoyi da ke Bagauda, ya tattara ɗan abin da ya tara ya shiga gari neman baƙar sut, tunda a can ba a shiga aji sai da kwat mai duhu da farar shat. Da la'asar ya dawo da ledarsa, ya shiga ɗaki ya sako, ya fito tsakar gida. Kafaɗar kwat ɗin ta zarce tasa da kusan yatsu uku, hannun ya haɗiye masa tafi, wandon kuma ya taru a kan takalmi kamar bakin buhu. Mahaifiyarmu ta dube shi ta ce, "Auta, wannan ta wa ka aro?" Ashe mai shagon ne ya ce masa ya ɗauki babba, ai gaba zai yi jiki.

Abin ya taɓa ni, don kuɗin ba kaɗan ba ne, yadin kuma ba laifi. Idonmu ne aka rena da manyan kaya. A babbar riga yalwa ita ce martaba: yadi goma na shadda, ka naɗe hannu bisa kafaɗa, iska na shiga tana fita. Kaftani ma da ɗan sakinsa yake kyau. Kwat kuwa ba haka aka gina ta ba. A kafaɗa take rataye, daga nan ta bi ƙirji ta bi ƙugu. In kafaɗar ta kuskure, ko daga Savile Row, titin fitattun telolin kwat na Landan, aka kawo ta, kayan aro za ta zama a jikinka. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka tsaya.

Mataki na farko: san awonka

Kada ka auna kanka da kanka, don da ka sunkuya duba tef awon ya canja. Je wurin tela sanye da singileti ko riga marar kauri, ka tsaya yadda ka saba tsayuwa. Kar ka shanye ciki, kar ka banƙare ƙirji. Sannan ka faɗa masa a fili cewa awon jiki tsantsa kake so. Wannan na da muhimmanci a wurinmu, domin telan da ya saba da kaftani hannunsa ya riga ya saba ƙara inci uku ko huɗu tun wurin awo.

Abu shida za a rubuta maka: kewayen wuya, kewayen ƙirji ta ƙarƙashin hammata, faɗin kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi, tsawon hannu, ƙugu a daidai inda wando zai zauna, da tsawon ƙafa ta ciki. Ajiye su a wayarka, ka sabunta duk shekara.

Lambar da ke jikin kwat awon ƙirji ce. In ka ga 38 ko 40 ko 42, lissafin Ingila da Amurka ne, da inci. Kayan Italiya da Turkiyya kuwa sukan ƙara goma a kai, wato 40 ta zama 50, 42 ta zama 52. Harafin da ke biye da lambar tsawo yake nunawa: S na gajeren mutum, R na matsakaici, L na dogo. Sut ɗin kanti yawanci ana haɗa ta da wandon da ya gaza ƙirjin da inci shida, kwat 40 da wando 34. Mai tumbi wannan lissafi ba zai yi masa ba, haka siririn saurayi mai faɗin kafaɗa. In kana cikinsu, nemi inda za a sayar maka da kwat daban wando daban, ko ka ba da ɗinki.

Mataki na biyu: shat

Fara da kwala. Ɓalla maɓallin wuya, ka zura yatsu biyu tsakanin kwalar da wuyanka. In sun shiga da ɗan dama, daidai ne. In uku sun shige a sake, ta yi maka yawa, kuma da ka ɗaura laktayi za ta tattare. Lambar shat ita ce awon wuyan: inci 15 shi ne santimita 38, inci 16 kuma 41.

Ɗinkin kafaɗa ya tsaya a kan ƙashin kafaɗarka, ba ya gangaro kan damtse ba. Zauna a kujera ka duba maɓallan gaba. In tsakaninsu ya buɗe ana hango singileti, ta matse ka. In kuma ka cusa ta a wando ta kumburo ta gefe kamar an hura, kai wa tela ya kama ta ta baya, aikin minti kaɗan ne. Hannun ya sauka zuwa inda tsintsiyar hannu ta haɗu da tafi, kuma ya kasance kana iya naɗe shi har ya wuce gwiwar hannu ba da kokawa ba, don alwala sau biyar ce a yini, biyu ko uku a cikinsu a ofis za su riske ka.

Ga wani gwaji da ba za ka gani a littattafan gayun Turawa ba, amma a wurina ya fi sauran: cusa shat ɗin a wando, ka yi ruku'u, ka yi sujada. Sau nawa muka tsaya a sahun Azahar a masallacin ofis, na gabanmu ya sunkuya riga ta zame, wando ya ja ƙasa, bayansa ya fito? Wannan ya wuce maganar kwalliya, maganar sutura ce. Shat ɗin da za a cusa dole bayanta ya rufe mazaunai, ya kai kusan gindin zif ta gaba. Yawancin na kanti masu sauƙin kuɗi nan suke rage yadi. In ɗinki za ka bayar, ka ce a ƙara inci biyu a tsawo.

Yadi kuwa auduga tsantsa, ko mai auduga mafi yawa. Farare biyu, mai ruwan sararin samaniya biyu, sai ɗaya mai siririn zane, sun isa mako. Kada mai wanki ya zuba mata sitati irin na shadda. Kaɗan a kwala da bakin hannu ya wadatar.

Mataki na uku: kwat ɗin kanta

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, ko da mai shago na ƙosawa. Sa ta a kan shat, ba a kan kaftani ba. Na sha ganin mutum ya ɗora kwat a kan kaftaninsa a kasuwa ya ce ta yi, ya je gida ya tarar ta yi masa yawa.

Tsaya gefen bango, ka matsa a hankali har ka taɓa shi da kafaɗa. In soson kafaɗar kwat ɗin ya riga damtsenka taɓa bangon har ya lanƙwashe, ta fi ka faɗi, ajiye ta. In kuma damtsenka ya turo ta ƙasan ɗinkin har wurin ya yi rami, ta yi kaɗan. Abin da ake so, soson da damtsen su isa bangon kusan tare. Kada ka yarda da "tela zai gyara". Gyaran kafaɗa sai an warware hannu da shafi da kwala, kusan sabon ɗinki ke nan, kuma da wuya ta koma yadda take.

Daga nan ka sa wani ya duba maka ƙeya. Kwalar kwat ta kwanta lif a kan kwalar shat, ba rata a tsakani, kuma kwalar shat ta leƙo sama da kamar santimita ɗaya. In yadi ya tattaru a ƙarƙashin ƙeya, ana iya gyarawa, amma sai ƙwararre.

Yanzu ɓalla maɓalli. A kwat mai maɓalli biyu na sama kaɗai ake ɓallawa, a mai uku na tsakiya, na ƙasa kuwa kullum a buɗe yake. Ana danganta al'adar da Sarkin Ingila Edward na Bakwai, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910, wai saboda ƙibarsa. Ko ma mene ne asalin, yau da wannan lissafin ake yanka kwat, don haka in ka rufe na ƙasan za ta ɗaure maka ƙugu ta ɓata tsayuwarta. Bayan ka ɓalla, dubi madubi. In yadin ya ja ta kusurwa huɗu daga maɓallin kamar an gicciya sanduna biyu, ta ɗame ka. Zura tafin hannunka a miƙe ta ƙirji: ya shiga cikin sauƙi, amma in ka dunƙule shi kwat ɗin ta ɗan ja. In dunƙulen na yawo, ta yi yawa. Naɗin nan da ya sauko daga wuya zuwa maɓalli ya kwanta a kan ƙirji, kar ya yi baka ya tashi. Za ka zauna, ka ɓalle maɓallin, ka tashi, ka mayar.

Tsawo: ta rufe mazaunai, ta tsaya. Saki hannuwanka, bakin kwat ɗin ya zo wajen gaɓar babban yatsa. Samarinmu yanzu sun koma ɗangalallun kwat masu tsayawa a ƙugu, suna ganin shi ne yayi. A hoto ta kan yi kyau in an tsaya cak, amma da ka juya baya ko ka hau babur sai ta tona kanta, kuma ba ta dace da ofis ko kotu ba.

Hannun kwat ya gaza na shat da kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, farin bakin shat ya riƙa leƙowa. Wannan ɗan farin shi ke nuna an san abin da ake yi, shi ke kuma tare dauɗar hannu kar ta ci bakin kwat. Sai hammata, wadda mutane ba sa dubawa. Ɗaga hannuwanka kamar za ka yi kabbara. In duk kwat ɗin ta taso har kafaɗun suka nufi kunnuwanka, ramin hammatar ya yi zurfi da yawa. Wanda aka yanka sama-sama, kusa da jiki, shi ke barin hannu ya motsa jikin rigar na zaune. Wannan ma ba ya gyaruwa.

Tsagar baya iri biyu ce, ɗaya a tsakiya ko biyu a gefe. Na fi son biyu ga mutumin da ke yini a kujera ko mai ɗan jiki, don ba ta buɗewa in ka sa hannu a aljihu. Kowace ce, in kana tsaye ta kasance a rufe.

To me tela zai iya? Zai kama ƙugun kwat da inci ɗaya zuwa biyu. Zai rage ko ya ƙara hannu da kamar inci ɗaya, in ba a huda ramukan maɓallin hannun da gaske ba. Zai rage faɗin hannu. Tsawon kwat ɗin kuwa ka bar shi, don in an yanke da yawa aljihuna za su sauko bakin riga. Ta ƙanina ba ta gyaru ba. Sai da muka koma aka canja 44 da 40, sannan tela ya kama ƙugu ya rage hannu, kuma kuɗin gyaran bai taka kara ya karya ba.

Mataki na huɗu: wando

Wandon sut a ƙasan cibiya kaɗan yake zama, ba a kan ƙashin ƙugu kamar jins ba. Ya tsaya da kansa ba bel, yatsu biyu na shiga. Mai tumbi ya ɗaga shi kan tumbin, kar ya tura shi ƙasa, ya kuma nemi mai tattara ɗaya a gaba don cinya ta sake. Gwada shi da zaman tahiya. In ka ji ɗinkin baya na neman fashewa, ko aljihunan gefe sun wage baki kana tsaye, ƙara lamba. Tela na iya kamawa ko sakin ƙugu da kamar inci biyu, gwargwadon yadin da aka bari a ɗinkin baya.

Ranar kalmasa ka je da takalmin da za ka riƙa sawa. Bakin wandon ya taɓa saman takalmin da ɗan karyewa guda, ba ya taru ba. Wanda kuma yake ɗage wandonsa sama da idon sawu saboda addini, ya sa a ɗan tsuke ƙafar, ya sa doguwar safa mai launin wandon, zai fito tsaf. Takalmi sau-ciki na fata, baƙi ko ruwan ƙasa, bel kuma ya bi launinsa. Mai saɓule ba igiya ya fi sauƙi a ƙofar masallaci.

Mataki na biyar: yadin da zai jure Katsina

Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan kan haura digiri 40. Mai sut ɗin roba a Afrilu, ya fito daga ofis mai sanyi ya tsaya jiran Keke Napep a titin IBB, kafin ya kai Ƙofar Ƙaura bayansa ya jiƙe sharkaf. Foliyesta ba ta shan gumi, ba ta barin iska, ga ƙyalli a rana da wari da yamma.

Mutane na jin an ce ulu sai su tuna bargo da rigar sanyi. Ba shi ake nufi ba. Akwai siririn ulu mai sakakkiyar saƙa da aka yi don ƙasashen zafi, nauyinsa wajen giram 200 zuwa 260 a mita. Ɗaga shi ga haske, za ka ga hasken na ɗan ratsawa. Shi ne ya fi komai: yana shan iska, in ya yamutse ka rataye shi ya miƙe. Lilin ya fi shi sanyi amma yana yamutsewa tun kafin ka isa, don haka ya fi dacewa da bileza, wato kwat ɗin da ba ta zuwa da wandonta, ta fitar yamma. Auduga tana tsakani.

Lambar nan ta Super 100, 120, 150 da ake rubutawa a gefen yadi sirantar zaren take nunawa, ba ƙarko ba. Na yau da kullum 100 zuwa 120 ya fi, don daga 150 zuwa sama yadin laushi gare shi amma saurin cinyewa. Kuma rubutu ba shaida ba ne, ana buga shi a kan roba. Ko a Babbar Kasuwar Katsina kake ko a Kantin Kwari, roƙi mai yadi ɗan zare daga gefe, ka fita waje ka kusantar da ashana. Ulu na warin ƙonannen gashi, tokarsa na murƙushewa a yatsa. Auduga na warin takarda. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

Kar ka manta da shafi. Ulu mai kyau da shafin roba, ka sa leda ne a ciki. Ka ce a yi maka rabin shafi, kafaɗa da gaba kawai, a bar baya. Yadin sut mai faɗin inci 60, matsakaicin mutum na buƙatar yadi uku da rabi zuwa huɗu.

Wacce za ka fara saye?

In aikinka banki ne ko lauyanci, sut, shuɗi mai duhu ko ruwan toka mai duhu. Baƙa ta lauya ce, ga kowa kuma ƙurar hunturu ta fi nunawa a kanta. In kuwa malami ne kai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ko ɗalibi mai shirin kare kundinsa, ko mai zuwa intabiyu jefi-jefi, bileza shuɗiya mai duhu ta fi maka amfani. Asalinta rigar 'yan wasan tseren kwale-kwale ce a Ingila, shi ya sa ba ta da wandonta, takan hau kan wando ruwan toka ko ruwan ƙasa ko kaki. Amma kar ka raba kwat ɗin sut da wandonta kana sa ta ita kaɗai, za su koɗe ba tare ba.

Laktayi ya sauka daidai kan bel, faɗinsa ya yi kusa da faɗin naɗin ƙirjin kwat. Masu tsada yawanci alharini ne tsantsa, wanda aka hana maza Musulmi sawa, don haka juya bayansa ka karanta. Akwai na ulu da na auduga masu kyau.

Kanti, gwanjo ko tela

Ban raina gwanjo ba ko kaɗan. A Ƙofar Wambai ta Kano da wajen masu gwanjon garin nan ana dacewa da kwat ɗin ulu na gaske a kuɗin da bai kai na sabuwar roba ba. Duba hammata ko gumi ya ci, ɗaga ta ga haske ko asu ya huda, duba gwiwar hannu ko ta yi ƙyalli. Sannan ka shafa ƙirjin. Yawancin kwat ana manna wa gabanta wani ƙyalle da gam don ta tsaya. In gam ɗin ya saki za ka ga ƙananan ƙuraje a yadin, kuma ba su da magani.

In ɗinki ne, ka sani gwanin kaftani ba lallai ya zama gwanin kwat ba, sana'a biyu ce. Ka ce masa, "Malam, don Allah nuna mini wadda ka ɗinka da hannunka." Duba yadda hannun ya haɗu da kafaɗa, in akwai tattara a wurin ka yi masa godiya ka wuce. In ta yi, ku yi sharaɗin gwaji sau biyu kafin a rufe shafi, ka je ya yi maka alama da alli a jikinka. Kuma kada ka kai aikin ana saura mako biyu Sallah, lokacin ba telan Katsina ko Daura da ke da natsuwar kwat.

Kula da ita

Ba a wanke kwat da ruwa, ba a kai ta bugu. Da ka dawo, zazzage aljihu, ka rataye ta a hanga mai faɗin kafaɗa, ba ta waya ba, ka bar ta ta sha iska kafin ta shiga kabad. A hunturu ka bi ta da buroshi mai laushi daga sama zuwa ƙasa kowace rana. Kar ka sa ta kwana biyu a jere in kana da hali. Wankin da ba na ruwa ba, wato dirai-kilin, sau biyu ko uku a shekara ya isa, yawansa ke sakin gam. Wajen guga a shimfiɗa farin ƙyalle mai ɗan damshi a kai, musamman in dutsen gawayi ne, in ba haka ba yadin zai yi ƙyallin da ba ya fita. Da damina a sa kafur a kabad, a cire ta daga ledar masu wanki.

Sabuwar kwat kuma, kafin ka fita da ita, ɗauki reza ka zauna. Akwai zaren da aka gicciya a bakin tsagar baya don kar ta karye a hanya, warware shi. Akwai ɗan ƙyallen sunan kamfani a bakin hannun hagu, cire shi a hankali, ba ado ba ne. Aljihun ƙirji ka buɗe in za ka sa hankici. Na gefe biyun kuwa ni nakan bar su a ɗinke, don da an buɗe sai waya da makullin mota su shiga, cikin wata guda gaban kwat ɗin ya zazzago.